Farin Nilu da Shuɗin Nilu: Wanne Ne Babba?

Wani ɗan'uwa daga Kosti ya kawo tambaya. A gasar kacici-kacici ta ɗaliban unguwarsu an ce a faɗi babba tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, ƙanensa ya ce Farin, aka ce bai ci ba. Malam, yaron nan yana da hujja. Mai yin tambayar a gasar ne bai fayyace ba, tsawo yake nufi ko yawan ruwa.

In tsawo ne, ba gardama. Farin Nilu yana fitowa daga Tafkin Biktoriya a Jinja ta ƙasar Yuganda, ya ratsa Sudan ta Kudu, ya wuce ta ƙofar gidanku a Kosti da Rabak, ya iso Khartum; in aka ƙirga tun daga mafarin kogunan da ke zuba cikin tafkin, tsawonsa kilomita kusan 3,700 ne. Shuɗin kuwa daga Tafkin Tana yake tasowa a tsaunukan Habasha, inda suke ce masa Abbay, kuma tsawonsa wajen kilomita 1,450 ne, bai ko kai rabin ɗan'uwansa ba.

Amma da an zo maganar ruwa sai labari ya juya. Farin Nilu yana shiga wani ƙaton dausayi a Sudan ta Kudu da ake kira Sudd, ya bazu cikin ciyayi, rana ta shanye kusan rabin ruwansa kafin ya fito. Shi ya sa yake isowa a natse, kusan yadda yake da damina haka yake da rani. Shuɗin ba haka yake ba. Ruwan saman Habasha na zubowa, daga Yuli zuwa Satumba, sai ya cika ya tumbatsa, ya yi jajir da laka, yana gudu har ya tare Farin a Mugran, mahaɗar kogunan biyu a Khartum, ya hana shi wucewa, ruwan Farin ya koma baya ya taru. In aka haɗa lissafin shekara, fiye da rabin ruwan da ke isa Masar na Shuɗin ne. Mu da muke bakinsa mun san halinsa, dattawa har yau suna ba da labarin ambaliyar 1946 da ta 1988, ta 2020 kuwa kowa ya gani da idonsa.

Lakar nan ita ce dukiyar. Ita ta gina ƙasar Jazira da ke tsakanin kogunan biyu, ita masu yin jan bulo suke ɗiba, a kanta ake shuka albasa da tumatir in ruwa ya ja da baya. Saboda Jazira Turawan Ingila suka gina madatsar Sinnar, aka gama ta a 1925 don noman auduga, daga baya aka yi ta Rusairis kusa da Damazin a 1966. Farin yana da tasa a Jabal Auliya, kudu da Khartum, ta 1937, amma don amfanin Masar aka gina ta tun asali, a tara ruwa a sake shi da rani.

A nan ne nake ganin ana zaluntar Farin Nilu. Kafin a yi waɗannan madatsu, in rani ya tsananta Shuɗin kan ƙanƙance, kogin Atbara da ke zuba cikin Nilu ma ya kusa ƙafewa ya koma kududdufai. Farin ne yake riƙe kogin da rai har damina ta zagayo. Wanda ya ba da yawa a wata uku an fi jin sunansa, mai ba da kaɗan kullum ba a cika tuna shi ba.

Ta fuskar tarihi dai zuciyata tana wajen Shuɗin, ba zan ɓoye ba. A bakinsa daular Funj ta kafa birnin Sinnar a 1504, ta yi mulki har 1821. A bakinsa kuma, kudu da Sinnar kaɗan, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da jama'ar da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903, garin da har yau yake ɗauke da sunansa. Kakannin da yawa daga cikinmu ruwan nan suka fara sha a Sudan, wasu da niyyar wucewa Makka, Allah ya sa nan ne gida.

Ka kuma gaya wa ɗaliban cewa halin Shuɗin yana canzawa. Babbar madatsar da Habasha ta fara ginawa a 2011 daf da iyakarmu yanzu tana tare ruwan damina ta sake shi sannu a hankali, tana kuma riƙe mafi yawan lakar. Ruwan rani ya ƙaru, amma manomin bakin kogi da ya saba samun sabuwar laka kyauta kowace shekara sai ya nemi taki da kuɗinsa.