Kafin Ka Saya wa Yaro Littafin Hausa

Iyaye da yawa idan suka shiga shagon littattafai, Magana Jari Ce suke fara tambaya. Littafin ya cancanci haka, sai dai ba na mai koyon haɗa baƙi ba ne. Littattafai uku ne Abubakar Imam ya rubuta da wannan suna, na farko ya fito a 1937, kuma Hausarsu cike take da karin magana da dogayen jimloli. Ɗan shekara bakwai zai yi shafi biyu ya ajiye, ya koma wasansa. Idan yaro ya kai sha ɗaya, saya masa na ɗaya kaɗai tukuna. In akun cikin littafin ya riƙe shi da labari kamar yadda ya riƙe Musa ɗan sarki, da kansa zai nemi na biyu.

Ga ƙanana kuwa, na fi son Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Labaran gajeru ne, kuma ana iya karanta su da baki bayan isha'i. Uwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", yaro ya amsa "Ta zo mu ji ta". Washegari za ka gan shi ya ɗauko littafin yana bin layi da yatsa, yana gane kalmomi saboda kunnensa ya riga ya ji su. Wannan hanya ta fi tilasta masa karatu nesa ba kusa ba.

Tsakanin Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, waɗanda duka suka fito a 1934, fara da Ruwan Bagaja. Gajere ne, rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe kuma yana sa dariya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin bauta ne da uwa mai neman ɗanta har ƙetaren hamada. A bar shi sai yaro ya shiga sakandare. Mai son labarin sararin samaniya a nema masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo.

Inda tsofaffin littattafan nan suka gaza shi ne hotuna masu launi. Nan African Storybook ya yi musu zarra: labaran Hausa kyauta a intanet, an jera su daga masu sauƙi zuwa masu wuya, kana iya saukewa a waya ko ka buga a takarda. Amma da yawansu fassara ce, wata Hausar tana tafiya daidai, wata tana ɗingishi. Ka karanta kafin ka miƙa wa yaro.

Idan ka tsai da shawara kan na takarda, kada kyan bango ya ruɗe ka. Buɗe tsakiya, ka duba ko lambobin shafi suna bin juna, ko tawada ba ta dusashe ba, ko ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ta fito sosai. Mai koyo ba zai iya cike gurbin harafin da ya goge ba.