Duwatsun adon Kirsimeti na Poniklá: me ya cancanci a saya, me za a bari a kanti

Wanda ya je Jamhuriyar Cek da niyyar sayen duwatsun ado, wuri biyu ne a gabansa, duka a arewacin ƙasar. Akwai Jablonec nad Nisou, garin da ya daɗe da yin suna a sana'ar gilashi da kayan ƙawa, akwai kuma ƙauyen Poniklá a tsaunukan Krkonoše, inda kamfanin Rautis na iyalin Kulhavý yake yin adon bishiyar Kirsimeti da duwatsun gilashi da ake hurawa da baki. A shekarar 2020 UNESCO ta saka wannan sana'a ta Poniklá cikin jerin al'adun gado na duniya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake yin ta a yankin, yau kuwa wannan masana'anta ce kaɗai ta rage.

Hukuncinmu a taƙaice: in jaka ba ta da wuri da yawa, a ba duwatsun hurawa wurin. Ƙananan duwatsu na yau da kullum, waɗanda a can ake ce wa rokajl, ana samun su a kusan kowane kantin kayan sana'ar hannu a duniya, sau da yawa ma na kamfanin Preciosa na Cek ne. Na hurawa kuwa ba a cika ganin su a wani wuri ba.

Sanin yadda ake yin su shi ke nuna yadda za a riƙe su. Ana gasa siririn bututun gilashi a wuta har ya yi laushi, a sa shi cikin mazubin tagulla mai baki biyu, a rufe, a hura. Sai ya fito a matsayin jerin duwatsu manne da juna. Daga nan a zuba ruwan azurfa ta ciki, ya kama bangon gilashin ya zama madubi, a shafa launi ta waje, sannan a yanka su ɗaya-ɗaya. Saboda haka kowane dutse fanko ne, bangonsa siriri kamar ɓawon ƙwai, azurfarsa tana ciki, fentinsa yana waje. Abu uku ke biyo baya. Ba su da nauyi ko kaɗan, don haka tauraro mai faɗin tafin hannu ba ya lanƙwasa reshen bishiya. Bakin filaya yana fasa su nan take. Ruwa kuma maƙiyinsu ne ta fuska biyu: yana ɓata fentin, in ya shiga ramin kuma azurfar ta dushe ta yi baƙi-baƙi. Ba a wanke su. Ƙura kawai ake kaɗewa da busasshen buroshi mai laushi.

Rautis na sayar da ado da aka gama, yana kuma sayar da ƙunshin haɗa-da-kanka: duwatsun siffa ɗaya, da waya, da takardar da ta nuna matakai cikin zane. Ƙunshin shi ne abin da muka fi yabawa, musamman ga wanda bai taɓa aiki da irin waɗannan duwatsu ba. Zanen ya wadatar ko mutum bai iya harshen Cek ba, an kuma riga an zaɓi girman duwatsun da suka dace da juna, wanda shi ne abin da ya fi ba sabon hannu wahala. Rauninsa a bayyane yake: an ƙirga duwatsun ne don siffa guda, kuma gilashi ne mai fashewa. Dabarar ita ce a sayi ƙunshi biyu iri ɗaya, launi ɗaya. Idan komai ya tafi daidai an samu ado biyu, idan wasu sun fashe an samu ɗaya cikakke da ragowa. A fara da tauraro, kada a fara da siffofi masu tsayuwa irin su jirgi ko keke ko ƙararrawa; waɗannan suna buƙatar a san yawan jan da waya za ta ɗauka kafin dutse ya tsage, kuma hannu ne ke koyon wannan, ba ido ba. A masana'antar ana zagayawa da baƙi su ga masu hurawa, akwai kuma ɗakin da ake zama a haɗa ado. Gara a nemi gurbi tun kafin tafiya, musamman a Nuwamba da Disamba.

Ga tauraro mai tsini shida da za a iya yi da duwatsun da aka saya a warwatse, ko na hurawa ko na gilashi cikakke. Ana buƙatar zagayayyu 12 masu milimita 4 don zoben tsakiya, dogaye 12 masu kamar milimita 10, wasu zagayayyun 6 masu milimita 4, da ƙanana 6 na kan tsini. Jimla 36. Wayar ta zama mai kaurin milimita 0.3, tsawon santimita 60. A zura 12 ɗin farko, a bar wutsiyar santimita 8, a sake ratsa dutsen farko don zoben ya rufe. Sai a zura dogo ɗaya, zagayayye ɗaya, ƙarami ɗaya. A tsallake ƙaramin, a komo ta cikin zagayayyen, a ja har ƙaramin ya zauna daram a kansa. A ƙara dogo na biyu, a tsallake dutse ɗaya na zoben, a ratsa na gaba. Tsini ɗaya ke nan. Haka za a yi sau shida, a murɗa bakin wayar biyu sau uku ko huɗu, a yanke, a cusa ragowar cikin dutse mafi kusa. Zai fito da faɗin kamar santimita 5.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Waya in ta yi ƙulli aka ja ta da ƙarfi, wurin ya raunana, zai karye ne daga baya, galibi a tsini na biyar lokacin da aka kusa gamawa. Da an ga ta fara naɗewa a warware ta da yatsa kafin a ja. Wayar milimita 0.5 tana ba da tauraro mai ƙarfi, amma ba ta ratsa ramin ƙaramin dutse sau biyu, kuma a duwatsun hurawa tana cin bakin ramin har ya gutsure. Idan tauraro ya yi laƙwas, matsalar ba ta waya ba ce, an bar sarari ne tsakanin duwatsu. Kowane tsini sai an matse shi kafin a wuce na gaba, don ba a gyara shi daga baya. Idan kuma ya kumbura ya ƙi kwanciya, dogayen sun yi wa zoben kauri, sai a ƙara girman duwatsun tsakiya. Jan waya da yatsu ake yi. Filaya ta murɗa ƙarshe ce kawai.

Akwai aikin da duwatsun hurawa ba su dace da shi ba: ragar da ake saƙa wa ƙwallon ado da allura da zare. Bakin raminsu yankakken gilashi ne, yana cin zare. Wannan aikin na rokajl ne, a nan ne kantunan Jablonec suke da amfani. Palace Plus babban kanti ne da ya tara kayan masana'antu da yawa na yankin a rufi ɗaya, G&B Beads kuma masana'anta ce mai kantinta. A garin ne kuma gidan tarihi na gilashi da kayan ƙawa yake, mai tarin adon Kirsimeti. Zagaya shi kafin sayayya yana gyara idon mutum kan launukan da ke tafiya tare.

Lambar girman rokajl a juye take: yadda lamba ta ƙaru haka dutse ke ƙanƙancewa. Na Cek 11/0 kusan milimita 2.1 ne, 10/0 kusan 2.3, 8/0 kusan 2.9, 6/0 kusan 4. Ana sayarwa a awon giram ko a damin zare. Damin 11/0 na gargajiya zare 12 ne, kowanne kamar santimita 50, duwatsu wajen 4,000 ke nan, tunda bakwai ne suke cika santimita ɗaya. Ƙwallo mai faɗin santimita 6, giram 10 na babban launi ya ishe shi, da kaɗan na launi na biyu. Ana fara ragar da zoben wuya na duwatsu 40, kowane na biyar ya zama na launi na biyu, wuraren rataya takwas ke nan. Layin farko madaukai na duwatsu 7, na gaba 9, sai 11, sai 13, kullum lamba marar rabuwa biyu don a samu dutsen tsakiya da layi na gaba zai kama. Bayan an wuce wuri mafi faɗi na ƙwallon a fara ragewa. A riƙa gwadawa a kan ƙwallon bayan kowane layi, domin ƙwallaye ba su zama daidai da abin da aka rubuta a kwalinsu.

Masu son duwatsun Japan za su ce Miyuki da Toho sun fi daidaito, kuma gaskiya ne. Delica na Miyuki, mai milimita 1.6, kowane dutse kamar ɗan'uwansa yake, raminsa kuma babba. Amma wannan daidaiton na saƙa mai lebur ne. A raga, na Cek da suke ɗan zagaye suna lanƙwasa su bi jikin ƙwallo, su zuba da kyau. Aibinsu shi ne a kowane dami akwai masu kauri da sirara da masu toshewar rami, sai an tsince. Ramin ma ya fi na Japan ƙanƙanta: allura lamba 10 za ta wuce sau ɗaya ko biyu, a karo na uku ta maƙale ta fasa dutsen. A ajiye allura lamba 12, wadda ta fi siranta, kusa. Kada kuma a gauraya na Cek da na Japan a layi ɗaya don lambarsu ta zo ɗaya. 11/0 na wannan ba 11/0 na wancan ba ne, ragar za ta karkace.

Batun launi shi ne inda kuɗi ke salwanta. Wani dutsen launinsa a cikin gilashin yake, wannan ba ya canzawa. Wani kuwa rini ne ko shafen ƙarfe a waje, kuma ruwan hoda mai ƙarfi, da shunayya mai haske, da masu ƙyallin zinariya galibi irin wannan ne. Gumin hannu yana goge su tun ana cikin aiki, rana kuma ta kashe sauran. Ado na bishiya ba ya shan taɓawa kamar abin wuya, don haka ya fi jurewa, amma wanda za a rataya a taga ya kamata a tambaya. Kamfanoni suna da shafe mai ɗorewa: PermaLux na Preciosa, Duracoat na Miyuki, PermaFinish na Toho. A fita da damin bakin ƙofa a duba shi a hasken rana, fitilar kanti tana yi wa ja da kore ƙarya. Kowane launi a saye shi gaba ɗaya a lokaci guda, da ƙarin kashi ɗaya cikin biyar, domin narkin gilashi na gaba yakan ɗan bambanta ko lambar ba ta canza ba. A ɗauki hoton lambar kowane launi tare da damin. Watanni shida nan gaba ba wanda zai tuna wane jan ne cikin goma.

Kantunan 'yan yawon buɗe ido na tsakiyar Prague ba wurin wannan sayayya ba ne. Suna da kyan gani, amma kayan da aka gama suka fi yawa, farashin na 'yan yawo ne, kuma ba duk abin da aka kira na Bohemiya ne aka yi a wannan yanki na Cek ba. Daga tashar Černý Most da ke Prague ana samun bas zuwa Jablonec, tafiyar awa ɗaya da ɗan abin da ya ɗora. Poniklá ya fi sauƙi da mota.

Kuɗin ƙasar koruna ne, ba yuro ba. Idan na'urar kati ta tambaya ko a cire da kuɗin ƙasar mai katin, a zaɓi koruna, canjin na'urar ya fi tsada. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya neman a mayar masa da harajin kaya idan sayayyarsa a kanti ɗaya, a rana ɗaya, ta haura koruna 2,000. Sai kantin ya ba da takarda, kwastan su buga hatimi kafin a fita daga Tarayyar, kayan kuma suna hannu don za su iya cewa a nuna. Ba kowane ƙaramin kanti ke yin wannan ba, a tambaya kafin a biya. Ga mai son ragin, tara sayayya a wuri ɗaya ya fi rarraba ta.

Wajen ɗaurin kaya a raba su gida biyu. Rokajl gilashi ne cikakke, yana da nauyi fiye da yadda ido ke zato, dami talatin sun kai kilo ɗaya. Su tafi a babbar jaka, kowane dami a ɗaure bakin zarensa a sa a ledarsa, ledojin kuma cikin wata ledar, don zaren dami ba mai ƙarfi ba ne, in ɗaya ya tsinke duwatsu ɗari uku da wani abu sun watse cikin tufafi. Filaya da abin yankan waya su ma can za su shiga; a filayen jirgin Turai almakashi mai bakin da ya wuce santimita 6 ba ya shiga jakar hannu. Duwatsun hurawa kuwa a jakar hannu, cikin akwati mai tauri, a cike duk wani gurbi da takarda mai laushi yadda ko an girgiza ba za a ji motsi ba. Kada a naɗe su da auduga ko leda mai mannewa, suna kama fentin. Adon da aka gama a shimfiɗa shi a kwance, takarda tsakanin kowane biyu, kuma kada a ɗora wani abu a kan tsinin.