Gramps: manhajar zana salsala, da inda take tuntuɓe a kan taubasai

Gramps manhaja ce ta kyauta ta rubuta salsalar dangi a kwamfuta. Tana hawa Windows da Mac da Linux, kuma da zarar an sauke ta ba ta neman data, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai aiki a Tudun Wada ko cikin birnin Zariya. Amfaninta ya fi fitowa ga gidan da jikoki ke tasowa a Ingila ko Amurka, inda kowa da kowa ya koma "cousin".

Gwajin da ya fi tona ta shi ne dangantakar Telugu, mutanen jihohin Andhra Pradesh da Telangana na Indiya, don tsarinsu ya fi namu tsauri. A wurinsu 'ya'yan baffa da 'ya'yan inna wa da ƙani ne, ya da ƙanwa: anna, tammudu, akka, chelli, kuma babu aure tsakani. 'Ya'yan kawu da na goggo kuwa, taubasai ke nan, sunansu daban. Namiji babba bava (kunnen Bahaushe zai ji "bawa", babu haɗi), mace babba vadina, ƙarama maradalu. Su ne abokan tsokana, kuma aure ya halatta, ana ce masa menarikam. Shi ya sa mamayya ke nufin kawu da suruki, atta kuma goggo da suruka. Dokar auren Hindu ta 1955 ta hana auren makusanta, amma ta bar ƙofa inda al'ada ta yarda. Mu namu auren zumuncin ya haɗa har da 'yar baffa, abin da Batelugu zai ji kamar an ce ya auri ƙanwarsa.

To, ma'aunin dangantaka na Gramps a Turanci bai san wannan ba. Ɗan kawu da ɗan baffa amsa ɗaya zai ba ka. Gyaran da hannu ake yi. A fara da kakanni biyu a matsayin iyali guda, a jera 'ya'yansu da jinsin kowa, don jinsin iyaye ne ke raba taubashi da ɗan'uwa. Shekarar haihuwa ma dole ce ko da ta kintace, in ba haka ba ba a san wa ke gaba da wa ba. Sai a buɗe tambari (wato "tag", alamar da ake liƙa wa mutum a manhajar) biyu masu launi daban, ɗaya na taubasai, ɗaya na 'yan'uwa, a rubuta sunan da ake kiran mutum a wurin bayani. A lura: tambarin yana aiki ne daga mahangar mutum guda. Bavan wani yayan wani ne, saboda haka a tsayar da wanda ake yi wa zanen tun farko.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne auren taubasai. Mai shigarwa kan rubuta amarya sabuwa alhali tana nan a matsayin 'yar kawu, sai mutum ɗaya ya zama biyu. A zaɓo ta daga jerin da ke akwai. In an riga an yi kuskuren, akwai wurin haɗe su. A zanen kakanni kuma za a ga kaka ɗaya ta fito sau biyu. Ba matsala ba ce, haka lissafin yake. Zanen dangantaka, wanda ke dogara da wata manhajar zane mai suna Graphviz, shi ke nuna kowa sau ɗaya, kuma shi yaro ya fi ganewa.

Gramps ba ta waya ba ce, kuma fuskarta tana da tsoratarwa ga sabon shiga. A samu ɗalibi guda a gidan ya riƙe aikin, ya fitar da PDF a tura ta WhatsApp. Wanda za a rataye a zaure kuwa a kai shagunan buga takardu na Samaru a ce A3, don a A4 sunayen jikoki sai da tabarau.