Yawon yini ɗaya a Baranasi: kwale-kwalen ya biya kuɗinsa, ɗan rakiyar ya ci amana

Tsarin da kamfanonin yawon buɗe ido ke sayarwa a Baranasi, birnin Indiya da ke bakin kogin Ganga, kusan iri ɗaya ne: kwale-kwale da asuba, zagayen lungunan tsohon gari da hantsi, Sarnath, wurin tarihin addinin Buddha da ke wajen gari, da rana, sannan kallon bikin fitilu, ibadar mabiya Hindu a bakin kogi, da magariba. Shi na saya a hannun wani kamfani da ke hulɗa da otal-otal, kuma ɓangaren farko, maganar gaskiya, ya zarce abin da na zata.

Kwale-kwalen na tuƙin hannu ne, ba mai inji ba, kuma duk wanda zai saya ya dage kan wannan tun kafin ya biya. Mai inji yakan share gaɓar cikin ɗan lokaci, ƙararsa ba ta barin a ji komai. Garin yana gaɓar yamma, daidai inda kogin Ganga ya lanƙwasa ya nufi arewa, don haka rana daga tsallake take ɓullowa, inda babu komai sai rairayi, ta haske matakalan nan da suke kira ghat, waɗanda sun haura 80. Daga ghat ɗin Assi a kudu aka tashi, ruwa na taimaka wa matuƙi. Dattijon ya san aikinsa. Ya nuna Man Mandir, mai na'urorin duban taurari a saman rufi da Sarki Jai Singh na Jaipur ya gina, ya nuna haikalin nan da ya karkace ƙasansa na cikin ruwa, har Panchganga inda masallacin Alamgir ke tsaye a kan tudu. Da aka doshi Manikarnika, inda ake ƙona gawawwaki dare da rana, ya ce a sauke waya da kyamara, ya ja baya da jirgin. Mabiya Hindu sun yi imani wanda ya mutu a garin nan ya kuɓuta daga sake dawowa duniya, shi ya sa ake ta kawo mamata da tsofaffi daga nesa. Ya kuma yi gargaɗi kan masu tare baƙo a bakin ruwa su ce a ba da kuɗin itace saboda talakawa. Da a nan yawon ya tsaya, da babu abin da zan faɗa sai yabo.

Ɗan rakiyar da ya karɓe mu a tudu shi ne masifar. A haikalin Vishwanath, babban wurin ibadar mabiya Hindu a garin, ba a shiga da waya ko jaka, baƙo kuma sai ya nuna fasfo, amma bai faɗa ba sai a bakin ƙofa, wasu suka tsaya a waje. Bayaninsa ma a gurguje: ginin yanzu Sarauniya Ahilyabai Holkar ta yi shi a 1780, sabon farfajiyar da ta haɗa shi da kogi an buɗe ta a Disamban 2021. Masallacin Gyanvapi da ke manne da shi, wanda aka gina bayan Aurangzeb, sarkin daular Mughal, ya sa an rushe tsohon haikalin a 1669, har yau ana shari'a a kansa, kuma shi ne dalilin tarin 'yan sandan wurin. Wannan bai ko taɓo ba. Duk saurin nan ashe akwai inda yake son kai mu.

Wai unguwar masaƙa. Baranasi ta yi suna da saƙar sari, tufafin matan Indiya, na alharini, kuma yawancin masaƙan Musulmi ne, a unguwanni irin su Madanpura, don haka babu wanda ya yi musu. Abin da aka nuna mana masaƙa ɗaya ce a zaure, wani yaro ya zauna ya buga ta na 'yan mintuna, daga nan aka haye da mu bene, aka cire takalma, aka kawo shayi, aka shiga warware yadi a kan katifu. Wanda ya san kasuwa ya san wannan salon: a tara kaya a gabanka har kunya ta hana ka tashi hannu rabbana. La'adar ɗan rakiya a cikin farashin take, shi ya sa ya koma gefe yana danna waya, ko agogo bai duba ba.

Kayan ma ba abin da aka ce ba ne. A juya bayan yadin. Saƙar hannu irin ta kadhwa, kowace fure daban ake saƙa ta, bayanta tsaf yake, babu zaren da aka yanke. Wanda aka shimfiɗa mana bayansa cike yake da guntayen zare da aka datse, furannin kuma sun yi daidai da juna fiye da yadda hannun mutum ke iyawa. A zaro zare daga bakin yadin a ƙona: alharini na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Da aka nemi a gwada, mai shagon ya ce ba a kunna wuta a ɗakin kaya. Takardar Silk Mark, wadda ke shaida cewa alharinin na gaske ne, ita ma da aka tambaya sai kame-kame.

Asarar ba ta kuɗi ba ce, ta lokaci ce. Sarnath kilomita 10 ne kacal, amma cunkoson garin nan na shanu da babura da adaidaita sahu yakan cinye kusan awa guda. Gidan tarihin can ƙarfe 5 yake rufewa, kuma a cikinsa ne ainihin kan ginshiƙin Sarki Ashoka yake, mai zakuna huɗu, wanda Indiya ta mayar tambarin ƙasa. Muna isa ana ja ƙofa. An dai zagaya hasumiyar Dhamek, wurin da ake cewa Buddha ya yi wa'azinsa na farko, a tsaitsaye, aka ce a koma mota kada a rasa bikin magariba. Mutum ya biya kuɗin Sarnath, an ba shi shagon yadi. Da na yi ƙorafi washegari, kamfanin ya ce ai an kai mu, cunkoso kuma ba laifinsu ba ne. Ko sisi ba su mayar ba.

Bikin fitilun a ghat ɗin Dashashwamedh ba laifi, sai dai mun makara, jirginmu ya ƙare a bayan jirage da yawa, hayaƙin turare da ƙarar ƙararrawa kawai muka samu. Awa guda kafin farawa ake kama wuri.

Wanda ya zo Delhi jinya ko karatu yake son leƙawa, jirgin ƙasa na Vande Bharat awa 8 ne. Kada ya sayi tsarin a dunƙule. Ya je Assi da kansa da yamma ya yi ciniki da matuƙi kan asubar gobe, a tsayar da inda za a juyo da kuɗin jirgi ɗungurungum, ba na kowane kai ba. Sarnath ya tafi da safe, ban da Juma'a, domin ranar gidan tarihin a rufe yake. Daga Yuli zuwa Satumba kogin kan cika ya shanye matakalan, hukuma ta hana jirage fita, a Disamba da Janairu kuma hazo kan rufe fitowar rana. In kuwa dole sai da ɗan rakiya, a rubuta masa a saƙon waya cewa babu shiga shago, rabin kuɗinsa kuma sai an fito daga gidan tarihin.