Tarkon Sharon: abin da na gani bayan rani guda da shi a gonar tumatir

Ni malamin firamare ne, amma albashi ba ya kai ni ƙarshen wata, shi ya sa kowane rani nake shiga fadama. Gonata ba ta cika eka ɗaya ba, tana yankin Kadawa, ruwanmu kuma daga dam ɗin Tiga yake zuwa. Tumatir nake sawa, da ɗan attaruhu a gefe, da fangali biyu na albasa don cefanen gida. Duk wanda ya yi noman tumatir a nan a 2016 ba sai an yi masa bayanin Sharon ba. A shekarar ce tsutsar nan da muke kira Sharon, masana kuma ke kira Tuta absoluta, ta share gonaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke nan kusa da mu ta tsayar da aiki don babu abin sarrafawa. Ni kaina na yi feshi har na daina ƙirgawa, ƙarshe na tsaya a bakin gona ina kallon ganye ya bushe kamar an bi shi da wuta. Da ta sake tasowa a 2023, sai na ce lallai sai na canza dabara.

Malamin gona ne ya fara yi mini maganar tarkon ƙamshi. Na je wani shagon kayan noma a cikin Kano na tambaya, mai shagon ya zaro wasu ƙananan ledoji masu ƙyalli daga cikin kwali, ya ce, "Malam, in ka sa wannan ka gama da Sharon, ka jingine injin feshinka." Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta sharhin nan, domin tarkon yana aiki, amma ba irin aikin da aka sayar mini da shi a kai ba.

A cikin kowace leda akwai wata 'yar roba da ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, kamar murfin kwalbar allura. An jiƙa ta da sinadarin da ke kwaikwayon ƙamshin da macen ƙwaron ke fitarwa idan tana neman namiji. Hancin mutum ba ya jin komai. Na shinshina, ƙanina ya shinshina, muka kalli juna, ya ce, "Yaya, anya ba robar banza aka sayar maka ba?" Sauran kayan tarkon ni na haɗa da kaina: roba mai faɗin baki irin ta wanke-wanke, waya da aka gitta a samanta, a rataya ƙwayar ƙamshin a tsakiya yadda ba za ta taɓa ruwa ba. A zuba ruwa ya kusa cika, a ɗiga ɗan man gyaɗa ko a kaɗa ɗan sabulu, don in ƙwaron ya faɗa kada ya iya tashi. Ƙa'idar da ake bayarwa ita ce tarko 20 zuwa 40 a hekta ɗaya ga mai son kama su da yawa, biyu ko uku kuwa sun isa ga mai son sa ido kawai. Na sayi goma, na jera su a kan bulo, taku ashirin da wani abu tsakanin kowanne, mafi yawa ta gefen da iska ke shigowa.

Kuskurena na farko, da hannu na riƙa ɗaukar ƙwayar, bayan na gama na je na dafa buhun taki. Da magariba sai ga ƙwari suna kewaya buhun. Daga nan na koyi sa leda a hannu. Na biyu, ban yi lissafin iskar hunturu ba. Kwana uku ruwan robar ya ƙafe, ƙura ta kwanta a kai, ƙwari na zuwa suna shawagi su koma abinsu. Tarkon nan yana son a duba shi kamar yadda ake duba akuya a turke. Wanda gonarsa ke nesa, sai ran Asabar yake leƙawa, ya san da wannan kafin ya saya.

Safiyar da na fara ganin aikinsa ba zan manta ba. Na durƙusa a kan robar da ke kusa da magudanar ruwa, sai na ga saman ruwan ya yi toka-toka. Ƙanana ne ƙwarai, tsawon kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, masu fiffike ruwan toka da ɗigo-ɗigon baƙi, da dogayen gashin kai guda biyu. Shekara da shekaru ina faɗa da abin nan, sai ranar na ga fuskarsa, domin da rana yana laɓe a ƙarƙashin ganye, sai dare ya fito. Na sa tsinke ina ƙirgawa, na kai arba'in na gaji. Na koma gida ina murna, na ce wa uwargida bana kam mun ci.

Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne. Mako biyu bayan haka sai na fara ganin farin tabo a ganye, irin wanda in ka ɗaga shi ga rana kana hango tsutsar a ciki, da ɗan baƙin kashinta a gefe. Na ɗauki ganyen na kai wa malamin gona a fusace. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, a cikin waɗanda ka kama akwai mace ko ɗaya?" Babu. Tarkon maza kaɗai yake ja. Mace ɗaya kuwa tana iya zuba ƙwai har wajen 260, kuma namijin da ya tsira yana iya bin mata da yawa. Macen da aka riga aka bi a gonar maƙwabci, iska ta kawo ta gonarka, ba ruwanta da robarka. Ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, tsutsar ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, inda magani ba ya isa gare ta da sauƙi. In ta ƙoshi ta sauka ƙasa ta naɗe, ta fito da fiffike. Daga ƙwai zuwa ƙwai kusan wata guda ne, in an yi zafi ma ba ya kaiwa. Wannan ne ya sa a Disamba da Janairu mutum zai ɗauka ba ta nan, Maris na shigowa ta rufe gona.

Daga ranar na daina ɗaukar tarkon a matsayin magani, na mayar da shi mai gadi. Na samo tsohuwar rajistar aji, na ja layi, kowace safiya kafin in tafi makaranta in ƙirga robobi uku in rubuta. A nan ne kuɗina ya fito. Da can feshi nake yi da ka: in na ga maƙwabci ya goya injin, ni ma in goya, ko kuma in bari sai ganye ya yi fari, wato ihu bayan hari. Yanzu in lamba ta yi tsalle a rajista, na san cikin 'yan kwanaki ƙwai zai fashe, kuma ɗan lokacin nan da tsutsa ke ƙarama, ba ta gama nutsewa cikin ganye ba, shi ne lokacin da feshi ke da amfani.

Abin da na riƙa fesawa 'ya'yan darbejiya ne, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu bedi. Yara na tsinto su a gindin bishiyoyin makarantarmu tun da damina, na shanya a inuwa. A ɓare, a daka ƙwayar, kimanin giram 50 ga kowace lita ta ruwa, wato wajen kilo ɗaya ga injin goyo mai lita 20. A jiƙa ya kwana, a tace da tsumma sau biyu, in ba haka ba bakin injin zai toshe kana tsakiyar gona, sannan a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, rana tana kashe ƙarfinsa. Gargaɗi ɗaya ga magidanta: kada ka ari turmin gida. Na yi sau ɗaya, kwana uku muna cin tuwo mai ɗaci, kuma har yau in an yi baƙi sai an ba su labarin. Darbejiya ba ta kashe ƙwaro nan take yadda manomi ke son gani. Hana shi ci take yi, ta ɓata masa girma, don haka sai an maimaita duk mako. Na taɓa ƙara yawanta don gaggawa, ta ƙone mini bakin ganyen dashen da bai yi ƙwari ba.

Sauran aikin na hannu ne. Ni da ƙanina muna bin layi muna tsinke ganyen da ya yi tabo da 'ya'yan da aka huda, mu zuba a buhu mu binne da zurfi, maimakon watsarwa a bakin gona yadda muka saba. Na kuma tuge gautan kaji da zaƙami da ke gefen magudana, domin dangin tumatir ne, ƙwaron yana fakewa a cikinsu. Wani abin da ban zata ba: da na rage maganin kanti, gizo-gizo ya dawo yana saƙa tsakanin layuka, ƙananan ƙwari masu cin ƙwan wasu ma suka yawaita. A shekarun da nake feshi babu ƙaƙƙautawa, gonar shiru take kamar maƙabarta, in ban da Sharon ɗin da ba ta jin maganin.

Na kuma gwada allunan nan masu ruwan ɗorawa da danƙo, na kama farin ƙuda. Ba zan ɓata lokaci a kansu ba: ƙurar hunturu ta rufe danƙon cikin kwana biyu.

Inda tarkon ya ba ni kunya shi ne a Maris. Ƙwayar ƙamshi mako huɗu zuwa shida take yi a canza ta. Na koma shagon na sayo zubi na biyu, na rataya, kwana huɗu robobi kusan wayam, alhali ganye na ta yin fari. Saura kaɗan in yarda cewa ƙwaron ya ragu. Allah ya sa akwai guda ɗaya da ta rage daga zubin farko, uwargida ta ajiye mini ita a gindin randa. Na rataya ta, washegari robar ta cika. Ashe abin a wuri mai sanyi ake ajiye shi, a firji in da hali, shi kuwa mai shagon a kan kanta ya jibge kwalin, ƙarƙashin rufin kwano, da zafin Kano. Na je na gaya masa, ya ce, "Malam, haka aka kawo mana." Lalataccen tarko ya fi rashin tarko haɗari, domin ƙarya yake yi maka, kana ganin roba babu komai kana barci. Wanda zai saya ya duba kwanan watan da ke jikin ledar, ya tabbata ba ta huje ba, ya kuma tambayi inda aka ajiye ta.

A daidai lokacin ne kuma dattijon da muke iyaka da shi ya gama tsinka, ya bar karan tumatirinsa a tsaye ya tafi. Na same shi na ce, "Baba, don Allah a tuge a ƙone, ƙwarin gonarku duk wajena suke yowa." Ya ce in Allah ya yarda. Bai tuge ba, kuma ba ni da bakin matsa masa, sa'an mahaifina ne. Ƙarshe ni na ɗauki yara biyu muka tuge masa. Kafin nan lambar rajista ta ninka, darbejiya ta kasa, dole na sayi maganin kanti na fesa sau biyu, kowanne da sinadari daban kamar yadda malamin gona ya ce, don ƙwaron nan saurin sabawa da magani gare shi. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka na yi rani guda babu guba ko ɗigo. Ban yi ba. Amma sau biyu ina, sau goma sha wani abu ina.

Na kai kaya kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan har tsinka ta ƙarshe, abin da ban samu ba a shekarar da ta wuce. Akwai huji a wasu 'ya'yan, dillali ya ware ya rage mini kuɗi, amma ba a mayar mini da kwando ko ɗaya ba. Kuɗin ƙwayoyin ƙamshin duka, har da zubin da ya lalace, bai kai abin da na saba kashewa a maganin feshi ba, sai dai wahalar ɗiban ruwa da ƙirga da dakan darbejiya ta ƙaru sosai. Mai hekta biyar da 'yan ƙwadago sai ya yi nasa lissafin. Ni a nawa, zan sake saya, kuma bana tun daga wurin renon iri zan sa biyu, domin na gane da yawa daga cikinmu da hannunmu muke dasa ƙwan a gona.

Na riga na sayo na bana daga wani wurin da na ga sun ciro shi daga firji a gabana. Yana can a firjin maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo, a cikin gwangwanin madara, na rubuta a jiki da jan biro: ba na sha ba ne.