Buhun PICS: maganin ƙwarin hatsi, amma ba ya son sakaci

Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa, mai cin kilo 50 ko 100. Ba a zuba magani, iska ce ke ƙare wa ƙwarin su mutu.

Yana aiki sosai in an bi ƙa'ida. A busar da hatsi sarai, kada danshinsa ya wuce kashi 13 cikin 100, in ba haka ba sai fumfuna. Kafin zubawa a kumbura kowace leda a danna, don ko hujin allura ya isa ɓata ajiyar. A matse iska, a ɗaure bakin kowace daban.

Rauninsa ɓera. A ɗora buhun kan katako, nesa da bango.