Abinci mai ƙarancin sitaci ga kyanwa mai ƙiba: wanne ya kamata ka saya?

Kyanwar da ta girma, musamman wadda aka yi wa fiɗiya kuma take wuni a ɗaka, ba ta jimawa take tara teɓa. Kafin ka kashe kuɗi a kan sabon abinci, fara shafa gefen ƙirjinta da tafin hannu. In sai ka danna sannan ka ji haƙarƙari, kuma in ka leƙo ta daga sama ba ka ga ƙugu ya ɗan shige ciki ba, to ƙiba ta kama ta. Likitocin dabbobi suna auna wannan da maki 1 zuwa 9. Biyar ne daidai, kuma kowane maki a sama da biyar yana nufin nauyi ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari.

Dalilin da ya sa ake ta maganar sitaci shi ne kyanwa macin nama ce zalla. Yawunta ba shi da sinadarin da ke fara narkar da sitaci irin na ɗan Adam, hantarta kuma ta saba samar da sukarin jini daga furotin. Tana iya narkar da dafaffen sitaci, amma jikinta bai dogara da shi ba. Duk da haka, rage sitaci shi kaɗai ba ya ramar da kyanwa. Abin da ke kawo ƙiba shi ne kalori ya fi ƙarfin abin da jiki ke ƙonawa, kuma giram ɗaya na kitse ya ninka giram ɗaya na sitaci fiye da sau biyu a kalori. Kamfanoni da yawa in sun cire sitaci sai su cike gurbin da kitse. A nan masu saye suka fi faɗawa rami.

Da wuya ka ga an rubuta yawan sitaci a jikin buhu ko gwangwani, don haka kai za ka lissafa. Haɗa alƙaluman furotin, kitse, faiba, danshi da toka (wato ma'adanai, "ash" a Turance) da aka rubuta a jikinsa, ka cire jimlar daga 100. Abin da ya rage shi ne sitacin. Sai ka raba shi da busasshen ɓangaren abincin, wato 100 ban da danshi. Ga gwangwani mai furotin 10, kitse 5, faiba 1, danshi 80, toka 2: saura 2, ka raba da 20, ya ba ka kashi 10 cikin ɗari. Ga buhu mai furotin 32, kitse 12, faiba 3, danshi 10, toka 7: saura 36, ka raba da 90, kashi 40 ke nan. Wanda ya kalli lamba kawai zai ce buhun ya fi furotin, alhali in an cire ruwa gwangwanin rabinsa furotin ne. In ba a rubuta toka ba, ƙiyasta 2 ga jiƙaƙƙen abinci, 7 ga busasshe.

Busasshen abinci ya fi araha, ya fi daɗewa, ba ya neman firji. Amma sai da sitaci ake iya dunƙula ƙwayoyinsa a inji, shi ya sa yawancinsa ke ɗauke da kashi 30 zuwa 40. Kada rubutun "babu hatsi" ya ruɗe ka, sau da yawa an maye masara da dankali, wake ko rogo ne, sitacin na nan daram. Babbar illarsa ga mai ƙiba ita ce yawan kalori: giram 100 na ɗauke da 350 zuwa 400, wani ma ya zarce. Ɗan kaɗan ne rabon kyanwa, ta cinye cikin minti biyu ta dawo tana kuka a ƙafarka, kai kuma tausayi ya sa ka ƙara.

Jiƙaƙƙen abinci na gwangwani ko na leda shi ne muke ganin ya fi dacewa da yawancin kyanwoyi masu ƙiba. Kashi 75 zuwa 80 nasa ruwa ne, giram 100 bai fi kalori 70 zuwa 100 ba, don haka kwano yana cika, ciki yana ɗauka, ga ruwan da ke taimakon mafitsara. A cikinsa ma akwai bambanci: wanda aka niƙa ya yi laushi yawanci ya fi ƙarancin sitaci a kan mai gutsattsarin nama cikin romo mai kauri, domin da sitaci ake kaurara romon. Duba kuma ko an rubuta "complete", ma'ana cikakken abinci bisa ƙa'idar ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi, AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai. Wanda aka rubuta wa "complementary" ƙari ne kawai, ba a rayuwa a kansa. Matsalarsa tsada da saurin lalacewa. A zafin bazara irin namu kada ya wuce awa ɗaya a kwano, wanda aka buɗe kuma a rufe shi a firji a ƙarar cikin kwana biyu zuwa uku. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, sayi ƙananan ledoji masu giram 85 da za a cinye a zama ɗaya, ka bar manyan gwangwanaye.

Akwai kuma abincin asibiti. Hill's m/d da Purina DM masu yawan furotin ne da ƙarancin sitaci, an fi ba kyanwa mai ciwon sukari. Royal Canin Satiety ya bi wata hanyar, yawan faiba don ƙoshi. Amfaninsu shi ne an ƙara musu bitamin da ma'adanai yadda ko an rage yawan abinci jiki ba zai rasa ba. Da shawarar likita ake sayensu.

Na gida fa? Ragowar tuwo da shinkafa sitaci ne kusan zalla, miyar kuma akwai albasa da tafarnuwa, waɗanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Tsokar nama ita kaɗai ba ta da isasshen kalsiyam, yawan hanta na lalata ƙashi saboda bitamin A ya yi yawa, wasu ɗanyun kifaye kuma suna kashe bitamin B1. Abincin kare ba ya wadatar da ita da sinadarin taurin (taurine), wanda rashinsa ke taɓa zuciya da ido. Dafaffen naman kaza ba gishiri ba albasa yana da kyau a matsayin ɗan ƙari, kada dai ya wuce kashi 10 na kalorin yini.

Ko wanne ka zaɓa, sayi ƙaramin sikelin kicin tare da shi, domin awo da kofi ko da ido yana yaudara. Ɗauki kyanwa mai kilo 5 da ya kamata ta zama kilo 4. Ana lissafi ne da nauyin da ake so ta koma, kuma abin da za ta fara da shi kusan kalori 160 ne a yini. A busasshe mai kalori 380 a kowane giram 100, giram 42 ke nan, bai kai rabin kofin shayi ba. A jiƙaƙƙe mai kalori 85, kusan giram 190 ne, leda biyu da ɗan ƙari. Raba shi sau uku ko huɗu. Canjin abinci kuma a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabon ana rage tsohon, don kyanwa na da taurin kai a kan abin da ta saba.

Auna ta duk mako biyu: hau sikeli da ita a hannu, sannan ka hau kai kaɗai ka cire. Ramar da ake so ita ce rabin kashi ɗaya zuwa kashi 2 cikin ɗari a mako, wato giram 25 zuwa 100 ga mai kilo 5. Kilo ɗaya zai iya cin wata biyar ko shida. In wata ya wuce sikeli bai motsa ba, rage kashi 10 na abincin, ka kuma bincika ko yara ko maƙwabta na ba ta wani abu a ɓoye.

Kada ka taɓa horar da ita da yunwa don ta karɓi sabon abinci. Kyanwa mai ƙiba in ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse kan kwarara ya cika mata hanta, ido da dasashi su yi rawaya kamar mai shawara, kuma yana kisa. In ta ƙi ci yini guda cur, mayar mata da tsohon abincin, in ta ƙi shi ma a tafi asibiti. Wadda ake yi wa allurar insulin ba a rage mata sitaci sai likita ya daidaita allurar, in ba haka ba sukarinta zai faɗi warwas. Tsohuwar kyanwa kuwa a gwada jininta da fitsarinta tukuna, domin abinci mai yawan furotin yakan zo da fosfaras mai yawa, wanda ke ƙara wa ƙoda mai rauni nauyi.